Na koma Vite, shafi ya yi fari fat bayan build

Jama'a, don Allah a taimaka. Tunda aka daina tallafa wa Create React App (kayan aikin haɗa shafin yanar gizo da React) a 2025, na kwashe aikina zuwa Vite, wani kayan aiki irinsa. Sauri kam ba a magana. Da npm run dev (gwaji a kwamfutata) komai lafiya lau, amma da na yi build (haɗa sigar ƙarshe ta shafin) na ɗora a sabar, sai farin shafi, console na cewa "require is not defined".

Ina zargin wata tsohuwar laburaren zana jadawali da aka rubuta da CommonJS (tsohon tsarin JavaScript mai amfani da require), ganin a sigar Vite da nake amfani da ita kayan haɗa lamba biyu ne ke tace ta: esbuild a dev, Rollup kuma a build. Na taɓa saitin commonjsOptions na Vite, na goge node_modules (foldar laburarorin aikin), shiru. Sauya laburaren zai ci mini aiki sosai. Wane saiti ke warware wannan?