Neman kalmar Hausa: kiɗan da ke tafe ƙarƙashin fim, da sunan mai tsara shi

Mai gabatar da shiri: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Asabar zan gabatar da shirin rediyo a kan kiɗan fina-finai da na wasannin bidiyo, kuma rubutun ya cije mini a kan kalmar Turancin nan score. Ba waƙar fim nake nufi ba, wadda ake rerawa da baitoci. Ina nufin kiɗan da ke tafiya ƙarƙashin maganar 'yan wasa, kamar sautuka biyun nan da John Williams ya riƙa maimaitawa a fim ɗin Jaws na 1975, waɗanda ke sa gaban mai kallo faɗuwa tun kifin da ke cin mutane a fim ɗin bai bayyana ba. Ina kuma neman sunan da zan kira irin su Williams da Ennio Morricone da Koji Kondo, wato masu ƙirƙirar irin wannan kiɗan.

Mai fassara: Wa alaikumus salam. An fi jin "kiɗan baya", amma ban gamsu da shi ba, domin wanda ya ji shi a rediyo zai ɗauka kiɗan zamanin da ya shuɗe ake nufi. Shawarata ita ce "kiɗan rakiya", tunda aikinsa shi ne ya raka hoto duk inda ya nufa. Ya ma fi zama daram a wasan bidiyo: a Super Mario Bros. na 1985, da zarar lokacin mai wasa ya kusa ƙarewa, sai kiɗan Kondo ya ƙara sauri, hannun mai wasan ma ya soma rawa a kan maɓallai. Rarrabe shi da waƙa kuwa wajibi ne, domin a 2009 A. R. Rahman ya karɓi kyautar Oscar biyu a kan fim guda, ɗaya ta kiɗan, ɗaya ta waƙar.

Malamar makaranta: Na goyi bayan rakiya. Idan kuma ka zo kan abin da Jamusawa ke kira laitmotif, wato gajeren kiɗan da aka keɓe wa mutum ɗaya a cikin labari, wanda ke tashi duk sa'ad da ya shigo ko aka tuna da shi, kada ka wahalar da kanka, "take" ne. Muna da taken ƙasa, shirinka ma yana da takensa, saboda haka babu wanda zai ruɗe idan ka ce taken Darth Vader, mugun nan na fina-finan Star Wars.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Take ya yi, Malama, Allah ya ƙara basira. Amma rakiya ta ƙasƙantar da abin, domin ɗan rakiya ba da shi ake tafiyar ba, bakin hanya yake kaiwa ya juya. Morricone yakan gama kiɗan wasu fina-finan darakta Sergio Leone kafin a ɗauki hoto, har a riƙa saka shi a wurin ɗauka 'yan wasa suna bin sa. To wa ke raka wani a nan? Na daɗe ina cewa a kira shi "saƙar sauti", mai yin sa kuwa "masaƙin sauti", domin zare-zare yake haɗa goge da ƙaho da ganga har su zama abu guda.

Ɗalibi: Baba, a gafarce ni, me ya hana mu ce "makaɗi" kawai? Ina jin ana gudun kalmar ne don ana ganin ta yi wa Bature kaɗan, alhali ba mu taɓa jin nauyin kiran manyan gwanayenmu da ita ba, kuma su ma su ke ƙirƙirar abin da suke kaɗawa.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Yaro, ba raini ba ne, kuma ba kai za ka koya mini darajar makaɗa ba. Aikin ne ya bambanta. Williams a takarda ya rubuta kiɗan Star Wars na 1977, ƙungiyar makaɗa ta London Symphony ce ta kaɗa. Idan shi ne makaɗi, su kuma mu kira su me?

Ɗalibi: Na ji, Baba. Sai dai Kondo ba shi da ƙungiya. Na'urar wasan bidiyo ta Nintendo ta wancan lokacin muryoyi uku kacal take ba shi na karin sauti, sai wata ƙara da ya mai da ita ganga, kuma shi da kansa ya shigar da kiɗan cikin na'urar. Shi ya ƙirƙira, shi ya sa ta kaɗa, ban ga dalilin hana shi sunan ba.

Malamar makaranta: Ku yi haƙuri, mun bar mai tambaya a tsaye. Baba, masaƙin sauti yana da daɗin ji, amma sai an yi masa bayani, mai sauraron rediyo kuwa ba ya iya dakatar da mai magana ya tambaye shi. "Mai tsara kiɗa" ya ɗauki Williams ya ɗauki Kondo, kuma bai taɓa mutuncin kowa ba.

Mai gabatar da shiri: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yi amfani da take da mai tsara kiɗa. Kiɗan rakiya kuma zan riƙe shi a wannan makon, ko da yake hujjar Baba game da Morricone ta tsaya mini a rai, kuma zan kawo ta a cikin shirin.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Shirinka ne, ka yi yadda ka ga ya dace. Mai tsara kiɗa jimla ce, ba suna ba, amma ba zan ja da ita ba. Rakiya dai har yanzu ban karɓe ta ba.