Mata masu ɗinki, ina ne yake muku ciwo?

Daga Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 9 a kan keke. Tun da azumi ya raba tsakiya, bayana da wuyana suka hana ni barci. Atamfa da leshi sun cika ɗaki, kowacce tana cewa nata za ta sa ranar Idi. Abin da na lura, duk ranar da masu kaya suka dame ni da waya, ranar kafaɗata ta dama take ɗaurewa tamau, ko da aikin bai fi na jiya ba. Ni kaɗai ce?

Daga Kurna: Wa alaikumus salam. Ina fa ke kaɗai, Yaya! Ni keken ƙafa nake takawa, tsohuwar Butterfly da Umma ta bar min. Gwiwa da kwankwaso su ne nawa. In an ɗauke wuta sai na kunna fitila mai caji, na sunkuya har hancina ya kusa taɓa allura. Da asuba sai na dafa bango kafin na miƙe.

Daga Fagge: Ku dai a gida kuke. Ni a shagon wani nake, iya abin da ka ɗinka iya abin da za a biya ka. Wa zai tashi ya miƙe jiki alhali riga tana jiransa? In na wuni ina yankan shadda, babban yatsana da na kusa da shi sai su yi sanyi, cikin dare su riƙa tsira min kamar allura. Ga fargabar ɓata yadin mutane, a cire a kuɗina. Wallahi har a mafarki nake ganin na yanka ba daidai ba.

Daga Ɗorayi: 'Yata ta Gwammaja, don Allah kar ki bi hanyar da na bi. Na shekara ina haɗiyar maganin kashe ciwo na diclofenac kullum, wani lokacin ba komai a cikina, har ya jawo min gyambon ciki. Da na je Asibitin Ƙashi na Dala aka tura ni gashin ƙashi. Can aka nuna min cewa bencin da nake zama ne yake ƙara min ciwon. Suka ce na nemi kujera mai majingina, na sa ɗan matashi a ƙugu, na riƙa tashi ina takawa duk bayan rabin awa. Ciwon bai tafi duka ba, amma yanzu ina yin ruku'u ba tare da cije baki ba. Ke kuma ta Fagge, yatsun nan kar ki bar su da man zafi kawai, ki je a duba.

Daga Gwammaja: Na gode Anti, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma a benci nake zama. Yau na kira mata biyu na ba su haƙuri, su zo su karɓi yadinsu tun da sauran lokaci. Ɗaya ta yi fushi, ɗayar ta ce na bar shi sai bayan Sallah.