Ƙanin maigida ya kawo wa yarona ɗan biri, na rasa yadda zan yi

Uwar Abba, Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina ba a kwance yake ba. Ƙanin maigidana direba ne, yana kai albasa kudu, kuma tun Abba na goye shi ne ɗan ɗakinsa, duk tafiya sai ya riƙo masa tsaraba ko da rake ne. Shi ya riƙe mu lokacin da maigidan ya yi jinya, har kuɗin makaranta shi ya biya, bai taɓa goranta mana ba. To wannan karon sai ga shi da ɗan biri a kwali, ja, mai dogayen ƙafafu, wai a hanya ya saya hannun wasu yara. Abba shekararsa 7, ya mace a kansa, ba ya cin abinci sai ya ba shi. Mun ɗaure shi jikin dogonyaro a tsakar gida. Da dare sai kuka, yana ƙanƙame tsohon zanen da na jefa masa. Me ake ba shi? Kuma kullum Abba sai ya tambaye ni ina uwarsa.

Manomi daga Achida:
Hajiya, biri dai? Mu nan in masara ta yi goyo ba mu da aiki sai tsaron su. Bara sunka shiga gonata da hantsi, guda na bisa icce yana gadi, sauran na cika kumatu. Abin da sunka karya sunka yar ya hi wanda sunka ci. Har yau ban gama biyan bashin taki ba.

Malam na Gwiwa:
'Yar'uwa, yadda kika kwatanta shi jan biri ne, irin na filin daji da ƙayoyi. Ya fi zama a ƙasa, yana gudun da ya kai kilomita 55 a awa, babu birin da ya kai shi. Dabbar da Allah ya yi don gudu ita ce aka sa wa igiya. A daji garke suke yi, babban namiji guda da mata da 'ya'yansu, su wuni suna neman ƙaro, ƙwari, 'ya'yan itace da tsaba, dare ya yi su hau bishiyoyi. Ɗan kuwa a jikin uwarsa yake manne tana yawo da shi tsawon watanni. Zanen nan da yake ƙanƙamewa uwarsa yake nema, kuma uwar biri ba ta sakin ɗanta da daɗin rai, galibi sai an kashe ta. Yanzu kina ganin abin tausayi, amma in namiji ne, ya kai shekara 4 zuwa 5 fiƙoƙinsa za su fito, kuma yana iya rayuwa shekara 20. Ki raba shi da gidanki.

Uwar Abba:
Malam na ji, amma ba ni na kashe uwar ba, kuma ba wulaƙanta shi muke ba. Ayaba da madara nake ba shi. Har dariya yake wa Abba.

Malam na Gwiwa:
Ba dariya ba ce. Biri in ya yage baki ya nuna haƙora tsoro yake ji. Ki hana Abba zura masa ido, a wurinsu neman faɗa ne.

Maman Biyu, Arkilla:
Ni abin da na gani dangin miji ne. Haka aka kawo mini rago aka ɗaure a ƙofar ɗakina, ni ce shara ni ce dusa, da na yi magana aka ce ba na son dangi. Yaya, ki yi shiru ki bar maigida ya yi magana da ƙaninsa, kar ki sa bakinki.

Hajiya Babba, Runjin Sambo:
Ku daina tsorata yarinya. Gidanmu na da an yi biri shekara da shekaru, ba wanda yac ciza. Biri a hannun malami guɗa yakan yi. Ɗiyata, in kin gaji da shi ki ba masu wasa da biri, ko a kai shi daji wajen Dange a sake.

Malam na Gwiwa:
Hajiya, da girmanki, duka biyun ba su yi ba. Wanda bai koyi neman abinci wurin uwa ba in aka sake shi yunwa ko karnuka za su gama da shi. Masu wasa kuma da bulala suke koya musu rawa. A nemi ma'aikatan gandun daji ko likitan dabbobi su san inda za a kai shi. In Abba na son ganin birai, a kai shi Yankari a Bauchi wata rana ya gan su sake da 'ya'yansu. 'Yar'uwa, tambaya ɗaya: ya taɓa cizon wani?

Uwar Abba:
Cizo dai a'a. Ya ɗan yakushi ƙanwar Abba a hannu da ta ja masa wutsiya, na shafa mata man zafi.

Ma'aikaciyar jinya, Gidan Igwai:
Subhanallah, da wannan ya kamata ki fara! Yakushi ko cizo, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, sannan a tafi asibiti su duba ko tana buƙatar allurar haukan kare da ta sarƙe-haƙora. Tarin fuka ma yana wucewa tsakanin mutum da biri. Ki kai ta yau.

Manomi daga Achida:
Ku ba ni shi in ɗaure bakin gona, ko 'yan'uwanshi sun gani su ji tsoro.

Uwar Abba:
Wurin ya bushe fa, ko jini bai yi sosai ba. Zan faɗa wa babansu in ya dawo daga Illela. Amma ku fahimce ni, mutumin da ya yi mana wannan halacci ba zan mayar masa da kyauta ba, kuma Abba ciwo zai kwanta. Ni abincin kawai na tambaya. Gyaɗa ba ta yi masa illa?