Neman shawara: layin CAN yana yankewa a mutum-mutuminmu

Tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa da malamanmu. Mu ɗalibai huɗu ne muke haɗa mutum-mutumi mai tayoyi don aikin kammala karatu, kuma mun jera na'urorin sarrafa injinansa guda shida a kan layin CAN ɗaya (wato wayoyin da na'urorin ke aika wa juna saƙo ta cikinsu), daga wannan zuwa waccan. Idan yana kan teburi komai lafiya lau, amma da zarar ya fara tafiya a ƙasa, musamman in ya taka gargada, sai na'urori uku na ƙarshe su ɓace daga allon kwamfuta, tayoyin baya su tsaya cak, can kuma su dawo. Mako biyu ke nan muna sauya manhaja ba mu ga canji ba, ga shi ranar gabatar da aikin ta matso. Don Allah ta ina za mu fara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ƙanina. Ku ƙyale manhajar nan tukuna, domin matsalar da gargada ke tayarwa a jikin waya take. Tun da ukun ƙarshe ne ke ɓacewa tare, zargina yana tsakanin na'ura ta uku da ta huɗu. Ku cire batir, ku ɗora mitar auna juriyar lantarki tsakanin wayoyin layin biyu, wato CAN-H da CAN-L. Ƙa'idar layin ita ce a sami rizista (ɗan ƙaramin abu mai rage kwararar lantarki) mai juriyar om 120 a kowane ƙarshensa, saboda haka mita za ta nuna kusan 60. Idan ta nuna 120, to ɗaya babu shi ko layin ya tsinke, idan kuwa 40 ce, an sa uku. Ku bar mitar a haɗe, ɗayanku ya riƙa girgiza mahaɗan ɗaya bayan ɗaya yana jan kowace waya a hankali.

Amsa ta biyu: Na goyi bayan Injiniya, mai amsa ta farko. Ƙari a kan haka, wayoyin biyu su kasance a murɗe da juna har bakin mahaɗi, kada kuma ku ɗaure su tare da manyan wayoyin injin, don nan ne hayaniyar lantarki ta fi yawa. Idan gudun saƙo a layin megabit 1 ne a daƙiƙa, reshen da ya fita daga layin kada ya wuce santimita 30.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Injiniya. Ina taɓa mahaɗi na huɗu mitar ta tashi daga 60 zuwa 120. Da muka buɗe shi, ashe maƙalin ƙarfen robar wayar ya ciza, silin tagulla biyu kawai ke taɓa shi. Mu like da dalma ne, ko mu sake matsa sabo?

Amsa ta farko: Ku matsa sabo da filayar da aka yi dominsa, domin waya takan karye daidai inda dalma ta ƙare idan jijjiga ta yi yawa. Sannan ku ɗaure wayar a jikin firam kusa da mahaɗin, ku gwada sauran mahaɗan duka, tun da hannu ɗaya ne ya matsa su.