Tsohuwar CG125 ta baba tana hayaƙi, in buɗe injin da kaina ko in ɗora na China?

Ɗan Bukoki ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin moto ku ba ni shawara. Akwai wata tsohuwar Honda CG125 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, irin ta farko-farkon nan mai kwantak, wato 'yan ƙarafan da ke buɗewa su rufe su ba buji wuta, ba ta da sitata sai ka buga da ƙafa. Ta daɗe jingine cikin zaure, na fiddo ta na wanke karburatar na canza buji da mai kuma wallahi ta tashi, amma hayaƙi take yi shuɗi-shuɗi kamar ana ƙona bola, in na ja wuta sai in ji wani ƙwas-ƙwas can ƙasa cikin inji, ga ba ƙarfi, buji kuma nan da nan ya yi baƙi da maiƙo. Wani mai gyara a unguwarmu ya ce kar in wahalar da kaina, in sayo injin China sabo ɗungurungum ya ɗora mini. Ni dai raina bai so ba, na fi son in buɗe shi da hannuna nan tsakar gida, ina da 'yan makullai kuma na taɓa zama garaji lokacin hutun lakwal. Ta ina zan fara? Kayan ana samu a kasuwar Katako nan Yamai ko sai na aika Ƙonni?

Tsohon Makanike Wadata ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan baba. Buɗe shi, ba wani abin tsoro a ciki. Honda ta fito da CG125 a 1975 kuma dama don irin ƙasashenmu aka yi ta, inda mutane ba sa canza mai kan lokaci, shi ya sa ba ta da sarƙa a kan inji, wasu sanduna biyu ne ke tura supap, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, daga ƙasa. Cikin duk injunan da na taɓa kwancewa ban ga mai sauƙin kai irin shi ba.

Amma ka ji abu ɗaya, kar ka sayi komai sai ka auna. Kuskuren da yara ke yi kenan, su ga hayaƙi su ruga kasuwa su sayo zobban piston, su sa cikin silindar da ta riga ta ci, bayan ɗan lokaci hayaƙi ya dawo su ce kayan ne jabu. Faɗin silindarka na asali milimita 56.5 ne. Ka cire kilas, wato kan inji, da silinda, ka sa farce ka shafa ciki daga sama, in ka ji tudu inda zobe ke tsayawa ko ka ga zane-zane a tsaye to ta ci. Sannan ka ɗauki zobe ɗaya ka tura shi cikin silindar da kan piston don ya zauna daidai, ka auna ratar da ke tsakanin bakinsa biyu da 'yan siraran ƙarafan awon nan, sabo kamar milimita 0.15 zuwa 0.35 yake ba da wa, in naka ya buɗe baki sosai ka san amsa. Akwai piston masu ƙarin girma, 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00, kuma tunda moton ta tsufa mai yiwuwa an taɓa fafe ta, duba kan piston ɗin bayan ka kankare baƙin, galibi lambar na nan a buge. Ka fara sayen piston tukuna, ka kai wa turnar, mai injin fafe ƙarfe, tare da silinda ya fafe daidai da shi, ba wai ya fafe sannan ka shiga yawon neman wanda zai shiga ba.

Katako za ka samu, don yawancin motocin China da suka cika gari injin CG suka kwafa. Sai dai ka tafi da tsohon a aljihu, ƙarfen da ke riƙe piston da biyel, wato sandar da ke haɗa piston da karanshaf, akwai mai milimita 15 akwai mai 13, mai shago ko ba ruwansa.

Mai Kabu-kabu 227 ya amsa:

Maigida da girmanka amma ni ban yarda ba. Kuɗin piston, kuɗin turnar, juwan (gasket), rulma (boris), ga zirga-zirga cikin ranar nan, in ya haɗa jikkunan da zai kashe ai ya kusa kuɗin sabon inji, kuma sabon injin da CDI yake zuwa, wato akwatin wuta na zamani, ba ruwanka da gyaran kwantak kullum. Mu da ke neman na cefane da moto ba mu da wannan lokacin gaskiya.

Ba'adare daga Tawa ya amsa:

Kai mai kabu-kabu, shi ba haya za shi yi da ita ba, moton tsohonsa ta. Araha ba ta ado.

Ɗan Bukoki, ni wanga ƙwas-ƙwas ɗin ya fi damuna bisa ga hayaƙi. In ka cire silinda ka kama biyel ka ja sama ka danna ƙasa, motsin gefe da gefe kaɗan ba komi, amma in ya motsa sama da ƙasa ko ƙanƙane to rulman cikin karanshaf ya tafi, kuma wanga ba aikin gida ba ne, da matsi ake haɗa shi sai mai injin matsa ya raba ya sa sabo ya daidaita. Kar ka bari wani ya sa mishi guduma. Cire magineto ma akwai abin jan shi na musamman, ara wurin masu garaji, kar ka ɓanɓare da sukundireba.

Sannan wani wuri da kowa ka mantawa, in ka buɗe murfin dama wajen ambireyaji, wato kuloc, akwai wani ɗan gwangwani bisa bakin karanshaf, shi ka tace mai ta hanyar juyawa, buɗe shi ka gani, na rantse za ka iske laka ta daskare ciki. Da 'yar ragar da ke bayan babban murfin zubar da mai gefen hagu. Wanke su da kananzir. Soson iska ma ka wanke ka shafa mishi ɗan mai, ƙurar hunturunmu ita ka cinye silinda tun farko. Ka shimfiɗa tabarma mai tsabta cikin ɗaki, ba tsakar gida inda iska ka kwaso rairayi ba, kuma kowane ƙusa ka huda kwali ka soke shi inda ya fito don tsawonsu ba ɗaya ba ne.

Ɗan Bukoki ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai manya, Allah ya saka. Na cire silinda yau, biyel ba ya motsi sama da ƙasa alhamdulillahi, amma piston na rawa a kan ƙarfensa kuma an buga 0.50 a kai. To supap fa, in taɓa su ko in bar su?

Tsohon Makanike Wadata ya amsa:

To ka ga mai ƙarar nan, amma duba ramin kan biyel ɗin ma da sabon ƙarfe, in shi ma yana rawa sai an canza biyel. Piston kuwa 0.75 za ka nema, in zanen ya yi zurfi turnar zai ce maka 1.00.

Supap kar ka bar su. Kifa kilas ɗin da buji a ɗaure, ka zuba isans cikin kwarmin ka jira, in ya tsiyaye ta hanyar iska ko ta salansa sai ka goga su da man niƙa har su zauna, ka duba kuma ko sandar supap na lilo cikin gidanta, don ta nan ma mai ke sauka ya ƙone. Bayan ka haɗa, inji da sanyi, ka juya magineto alamar T ta zo kan layi, ratar supap milimita 0.08 duka biyun. Kwantak 0.3 zuwa 0.4, ya fara buɗewa daidai kan F. Bakin zobba kar su haɗu wuri ɗaya, ka rarraba su, rubutun jikinsu na kallon sama. Mai wajen lita ɗaya take sha. Kilomita 500 na farko ka bi ta a hankali, kar ka ɗauki buhu ko ka ce za ka gwada ta a hanyar Dosso, sannan ka zubar da man ka sake auna supap. In za ka Katako ka biyo ta Wadata da safe ka karɓi ƙarafan awona, amma ka maido mini kafin Juma'a.