Musayar Waƙa: Hawan Cabbal Wadi

Ɗan Sarti:
Salamu alaikum. Jiya na dawo daga gandun dajin Gashaka-Gumti, ga tsarabarku.

Na hau dutsen Cabbal Wadi da ƙafata,
Nan ne Najeriya ta ƙure tsawonta,
Mita 2,419 ne ƙolinta,
Hazo na ƙasa, ni ko ina kanta,
Ga Kamaru can ina ta kallonta.

Da asuba na tashi yin alwala,
Sanyin ruwan buta ya ba ni wahala,
Har na so in yi taimama in yi salla.

Bakano:
Yaya, wa ya aike ka don Allah?
Mu a Kano muna da namu Dala,
Matakala ce, ka hau cikin walwala,
Ka sauko ka sha fura kafin salla.
Me ka gano can in ba wahala?

Ɗan Sarti:
Ƙanena, zauna ka ji labarin dawa.
A kurmin ƙasa, tun ba mu fara hawa,
Muka ji kiɗa, dum-dum, ba makaɗi kuwa,
Mai rakiya ya ce mu bar motsawa,
Biri mai ganga ne yake sanarwa.
Baƙi ne, ƙato, ba jelar kaɗawa,
Gindin itace shi yake bugawa.
Mun ga tsinkayen da yake zurawa
A ramin kwarkwasa, su yi ta hawa,
Ya kai bakinsa yana ta suɗewa.
A Dala akwai mai wannan iyawa?

'Yar Gembu:
Yayyena, ban ji kun ambaci ruwa ba.
Kogin Kam daga can yake, ba ku sani ba?
Ya ratsa kurmi ya faɗa kogin Taraba,
Har Binuwai bai tsaya hutu ba.
Yaya, ko dorina ba ka gaishe ta ba?

Baba Mai Shanu:
'Ya'yana, ku kuna yabo, mu muke kwana.
A dutsen Cabbal Hendu, cikin gandun, nake da shanuna,
Tun kafin 1991 nan ne gidana,
Ran da aka ce gandu ne, a bar harbin ɓauna.
Na bi doka, na rataye bakana.
To amma bara, tsakiyar damina,
Damisa ta kashe mini maraƙina,
Gwaggon biri ya yi biki a hatsina.
Wa zan kai wa ƙara, 'ya'yana?

Bakano:
Baba, Allah ya mayar da alheri.
Bakina ya mutu, na bar alfahari.
Yaya, yaushe ake zuwa ganin biri?

Ɗan Sarti:
Bari sai rani, kada ka yi sauri.
Ka bi Jalingo da Bali, ka iso Sarti da wuri,
Ka zo da bargo biyu, ka bar takalmin gari.