Neman Shawara: Shin Ruwan Sama Yana Lalata Malafar Gashi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina karatu a Manchester, kuma na sayi malafar Bature mai faɗin baki wadda ake kira fedora, irin wadda ake yi da curarren gashi ba da saƙa ba. Takardar da ke cikinta ta nuna cewa gashin zomo ne. Mai shagon ya so ya haɗa mini da maganin feshi na hana ruwa shiga da kuma rigar leda da ake lulluɓa mata, amma ban karɓa ba tukuna, domin kuɗin ba kaɗan ba ne. Garin nan kuwa yayyafi ba ya sallama, kuma riƙe laima a cikin iska wahala ce. Shin zan iya fita da ita cikin ruwa haka nan, ko kuwa sai na kare ta?

Wani dattijo mazaunin Ingila: Wa alaikumus salam. Ɗana, sanya abarka ka fita. Asalin irin wannan malafa kayan aiki ce ta mutanen da ke wuni a waje. John B. Stetson, wani Ba'amurke mai ƙera malafa, ya fara ƙera tasa a birnin Filadelfiya a 1865, makiyayan yammacin Amurka suka rungume ta, kuma a Ostareliya kamfanin Akubra yana yin tasa da gashin zomo, har sojojin ƙasar suna sanya ta. Waɗannan mutane ba su ɓoye malafa idan hadari ya taso.

Abin da za ka kiyaye shi ne yadda za ka busar da ita. Da ruwan zafi da tururi da matsi ake cure gashin tun a masana'anta, yana tsukewa yana ƙara kauri har ya zama malafa, saboda haka duk lokacin da danshi da zafi suka sake haɗuwa a kanta, sai ta ci gaba da tsukewa daga inda ta tsaya. Ruwan sama mai sanyi ba ya yi mata wannan illar. Hitar ɗaki ce ke yi, da na'urar busar da gashi, da barin ta cikin mota a rana. Idan ka dawo gida, ka kakkaɓe ruwan, ka juyo zagayen fatar da ke ciki zuwa waje, ka gyara lanƙwasar baki da loɓawar sama da yatsunka tun tana da danshi, domin siffar da ta bushe a kai ita za ta riƙe. Sannan ka tsayar da ita a kan wannan fatar a wuri mai iska, nesa da wuta, ko da za ta kwana biyu. Kada ka kwantar da bakinta a kan tebur, zai baje, kuma kada ka rataye jiƙaƙƙiya a ƙusa.

Wani mai sayar da huluna a Kano: Maganar Baba gaskiya ce a kan gashin zomo, amma ina jan hankalin masu karatu kada su ɗauke ta su ɗora a kan kowace hula. Darar da muke sayarwa, ko ta Tunis ko ta kamfanin Tonak na ƙasar Cek, yawanci ulun tumaki ce, kuma ulu ya fi saurin shan ruwa, ya fi saurin motsewa. Na sha ganin mutum ya dawo da jar dara bayan ruwan Agusta ya same shi a hanya, ta ƙi shiga kansa, sai ka tambaya ka ji a rana ya shanya ta. Wata kuma, musamman mai araha, rininta kan zuba ya ɓata wuyan farar riga. Sannan kada wanda ya kai hular gashi a yi mata irin wankin da ake yi wa kube ko zanna, da sabulu da burushi da sitati. Ita kube ko zanna saƙar zare ce, tana jurewa. Abin da ya dace a aro daga masu wankin hula shi ne gungumen itacen da suke ɗora ta a kai, don yana hana ta tsukewa, amma a inuwa.

Wata 'yar'uwa daga Kanada: Ni kam, Malam, ba zan ce feshin ba shi da amfani ba. A kan malafar ulu yana taimakawa ƙwarai, ruwa yana tsayawa ɗigo-ɗigo yana gangarewa maimakon ya nutse, ko da yake ba ya daɗewa, sai ana sabuntawa. Sai dai a gwada shi a ƙarƙashin baki inda ido ba ya kaiwa, a bari ya bushe a gani, domin wani yana duhunta launi mai haske ko ya bar tabo. Kuma wanda aka yi don huluna za a nema, ba na takalmi ba.

Dattijon: 'Yata, a kan ulu na yarda da ke. A kan gashin zomo kuwa, wanda ya fi sirantaka kuma ya fi curewa, ina ganin asarar kuɗi ce. Rigar leda dai tana da ranarta: idan ruwa ne kamar da bakin ƙwarya kuma tafiyar mai nisa ce, ko malafar fara ce ta zuwa biki, a sa mata. Amma a cire da zarar an shiga ɗaki, domin leda tana tsare danshi da gumi, kuma a nan fumfuna ke samun wurin zama.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Baba, da ku duka. Tawa baƙa ce. Jiya yayyafi ya taɓa ta, yau na ga bakin ya ɗan saki ta gefe ɗaya, ga kuma ɗige-ɗigen ruwa. Ta lalace ke nan?

Dattijon: Ba ta lalace ba. Akwai wani irin ƙaro da ake sa wa gashin don ya tsaya, kuma tururi yana tausasa shi. Ka tafasa ruwa a butar shayi, ka riƙa gefen da ya saki a kan tururin na ɗan lokaci kaɗan, ka mayar da shi yadda kake so, ka riƙe har ya huce. Kada tururin ya taɓa fatar ciki, don za ta ƙanƙance ta taurare. Ɗige-ɗigen kuma, bayan ta bushe sarai, ka bi su da burushi mai laushi ta inda gashin ya kwanta, yawancinsu za su tafi.

Mai sayar da huluna: Ka nemi burushi mai baƙin gashi tun da malafar baƙa ce, Malam. Mai fari yakan bar zare-zare a jikinta, ka koma tsince su ɗaya bayan ɗaya.